Zaɓen wani ƙauye a Kuroshiya ya raba ni da ɗana

Lokacin da abin nan ya faro ina aikin jinya a wani asibiti a kudancin Landan, muna zaune a wani ƙaramin gida kusa da titin Old Kent Road, ni da mijina da ɗanmu guda ɗaya. Mijina Bature ne ɗan Kuroshiya, magini, ya musulunta kafin mu yi aure. Ni kuwa mace ce mai saurin yarda, in na so mutum ba na bin diddigin maganarsa.

Ba shi da hira sai ta ƙauyensu. Wuri ne shimfiɗaɗɗe a gabashin ƙasar, gonakin masara iya ganinka, ga kogi da ya raba su da ƙasar da ke maƙwabtaka da su. 'Yan ƙauyuka aka haɗa aka yi ƙaramar hukuma, nasu ne hedkwata. Yakan ce kakarsa ta ga an kafa tutoci iri-iri an sauke a kan ofishin hukumar, ita kuwa ba ta taɓa barin gidan da aka haife ta ba. Yaƙin da aka yi yana yaro ya kori mutane da dama, matasan da suka rage suka watse neman aiki Jamus da Ingila. Har yau akwai maƙwabtan da ba sa gaisawa saboda ɓangaren da kowa ya bi a yaƙin.

Kawunsa ne shugaban ƙaramar hukumar, zaɓe kuma ya ƙarato. Abin da ba a gaya mini ba shi ne makarantar firamarensu tana gab da rufewa don ƙarancin yara, 'yan adawa kuma, mutanen wani ƙauye na bakin kogi, suna so a mayar da ita wajensu. Shi ya sa kawun ya bi danginsa na waje yana matsa musu su kawo 'ya'yansu. Ni dai an ce mini surukata ce ba ta da lafiya, tana son ganin jikanta. Muka tafi da hutun makaranta. Aka karɓe mu hannu bibbiyu, kawun ya sa aka ɗauke mu hoto a ƙofar makarantar, ni ina ta murna na sami dangi. Da hutu ya ƙare mijina ya roƙe ni in bar yaron ya yi shekara guda a can, ya koyi yaren ubansa, shi ma zai zauna da shi. Na yarda, na dawo bakin aikina ni kaɗai.

Da na koma ganinsu lokacin sanyi, sai na tarar da hotonmu a jikin kowane turken lantarki, an rubuta cewa iyalai sun fara dawowa gida. Amma an yanke ni daga ciki, gefen mayafina kaɗai ya rage. Ashe 'yan adawa sun yi ta yawo da hoton farko suna cewa kawun zai cika musu ƙauye da baƙi. Surukata, wadda na samu garau tana aikin lambu, ta sa aka gaya mini kada in leƙa waje da rana, kada in je ɗauko ɗana daga makaranta. Ranar babban taronsu aka bar ni a ɗakin baya, ta taga na hango ɗana a kan dandamali, wata 'yar'uwarsu na riƙe da hannunsa a matsayin uwa. Da na yi kuka, mijina ya ce in daina son kaina, fuskata tana jawo musu asarar ƙuri'a.

Kawun ya ci zaɓe, aka bar makarantar, mijina ya sami muƙami a ofishin. A waya ya sanar da ni cewa ba zai dawo ba, yaron ma haka, ya kuma sake ni. Lauyan da na gani a nan Landan ya ce tunda da yardata aka bar shi, ya kuma zauna ya saba, kotun can ce ke da magana. Na yi ta zarya har na gaji. Hukuncin da aka yanke shi ne yaro ya zauna inda yake, ni in riƙa zuwa ziyara.

A zuwana na ƙarshe na dafa wa ɗana shinkafa da miyar da yake so, bai taɓa ba. Ya juya ya yi wa kakarsa magana da yarensu, duk suka yi dariya. Na tambayi ubansa me ya ce, ya amsa ba ko kunya cewa yaron yana tambaya ne yaushe baƙuwar za ta tafi.

Ban ce auren wani jinsi laifi ba ne, akwai waɗanda suka dace. Abin da na koya shi ne tarba mai kyau ba ita ce ƙauna ba, wani lokaci ana buƙatar abin da ke hannunki ne kawai. 'Yan'uwana mata, ku san rikicin garin mijinku kafin ku kai 'ya'yanku, ku nemi shawarar lauya tun ana zaman lafiya. Kada wadda ta bar ɗanta a wata ƙasa a kan alkawarin baki. Ni na bari, yau ga ni ina neman izini kafin in ji muryarsa.