Marin da Kawu ya yi mini a kan babur

Jiya ƙaurin walda ya buge ni a shagona, sai na tuna Kawu. Bai taɓa barin kowa ya fara hawa babur ɗin da ya haɗa ba.

Ranar da muka ɗora babban inji a bodin tsohon babur ɗin shiga daji, a Sabon Gari, na riga shi ɗarewa. Ya zabga mini mari har ƙasa. "Matsa, ɗan nema! Wanda ya ɗaure shi ke gwadawa."

Yana murɗa totur waldar ta ɓalle, sarƙa ta tsarge masa ƙwauri har ƙashi. Jini na malala, ya dube ni: "Ya kuncin naka?"

Da ɗingishi ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙafar nan ta haye siraɗi a guje.