Shekarar da Shamuwa Ta Zo Babu Ruwa

Jiya na ga shamuwa bisa wata kuka a Ƙofar Durbi, na tuna marigayi kawuna. Shi ya koya mini cewa in shamuwa ta sauka, gawo ya zubar da ganye, to ruwa ya kusa.

Wata shekara duka biyun suka faru. Muka yi binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, amma ruwan bai zo ba, gero ya ƙone a rami. Kawu ya damƙi ƙasa mai zafi.

Ya ce, "Ɗana, ba jinkirin ruwa ke ba ni tsoro ba. Alamun ne suka daina tafiya tare da ruwan."

Irin da ya rage mini bana kaɗan ne, in ya ƙone babu wani. Allah Ya sanyaya makwancin kawu, mu kuma Ya nuna mana ranar shuka.