Idon Mai Hantsaki

A gonar gwaji Mai Hantsaki ake ce mata. Ni kuwa gwaggona ce, a hannunta na tashi, kuma na sha masifarta har na ƙoshi.

Aikinta aurar da furanni. Haka take faɗa, ba ta dariya. A rumfar raga ana shuka waken harawa, ana neman irin da zai jure fari ya ciyar da dabbobi. Furen waken nan da namiji da mace duk a cikinsa suke. In an ƙyale shi, shi zai yi wa kansa barbara, 'ya'yan su fito sak uwar. Don haka kafin fure ya buɗe, Gwaggo za ta tsaga shi da hantsaki, ta tsince zaren mazan nan guda goma, kowanne bai kai gashin gira ba. Washegari ta ɗauko garin furen wani waken ta shafa wa macen, ta ɗaura zare. In ta manta ɗaya tak a ciki, aikin ya tashi a banza, kuma ba mai sani sai an shuka irin ya girma.

A kan kujerar rumfar nan ta tsufa. Miji ya rasu, haihuwa ba ta zo ba, bayanta ya ranƙwafa. Da wannan aikin ta ciyar da mu, kuma ban da shi ba ta da abin taƙama.

Ni na fara lura. Ta daina zura zare a allura, ta zuba gishiri a shayi. Na ce, "Gwaggo, mu je a duba idon nan."

"Idon wa? Ke dai ki kula da naki."

Yanar ido ce ta rufe mata gani, ta kuma sani sarai. Tsoro ne ya hana ta magana. Sai ta koma tsinta da lalube, tana ƙirgawa a baki. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na yi shiru.

Da aka shuka irin, gonar ta fito kyakkyawa, kore shar, amma duk kamannin uwa. Wahalar shekaru ta bi ruwa. Ogan gonar ya shiga neman mai laifi. Wa zai zargi Mai Hantsaki? Sai laifin ya faɗa kan mai ajiyar iri, wani bawan Allah mai iyali, aka ce shi ya cakuɗa buhuna, aka ce ya tattara kayansa.

Gwaggo ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Sannan ta ce in raka ta ofis.

Oga ya miƙe ya ba ta kujera. "Mama, lafiya?"

"Ka mayar da mutumin nan. Ba shi ba ne."

"To wane ne?"

Ta juya fuska wajen muryarsa, ba daidai inda yake tsaye ba.

"Ɗana, na daɗe ba na gani."

Ba wanda ya yi mata faɗa. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Oga ya yi ta godiya, ya raka mu har bakin ƙofa, ya ce ta je ta huta. A hanya ta riƙe hannuna gam, abin da ba ta taɓa yarda ta yi a gaban mutane ba.