Filin da Mamaci Ya Ba Ni

Abin da ke cikin maganar ba shi da wuyar ƙirgawa. Fili ne guda a gangaren gulbi, bayan ganuwar Sakkwato, da bagaruwa goma sha ɗaya a tsaye cikinsa, da rijiya mai ruwa rani da damina. A nawa gefen kuma akwai dokina ɗaya tilo, da rigar saƙi wadda ban taɓa sawa ba, da ramukan jima shida da na haƙa daga baya. Wanda ba ya harkar fata zai ce wannan ba wani abu ba ne. Ni kuwa da ɗaukar ɗanyar fata a ka na fara, daga mahauta zuwa majema, kuma na san mai bagaruwarsa da ruwansa ba ya zaman jiran majemi ya ga dama. Filin nan shi ne zai raba ni da dillanci, in koma mai kayan kaina.

Filin na wani sarki ne, dattijo, mai riƙe da wata ƙasa yamma da birni. Kafin zuwan Nasara a cikin birni yake zaune kamar sauran irinsa, jakadu ke kawo masa abin ƙasarsa. Da Nasara suka zauna da gindinsu sai suka ce kowane mai ƙasa ya koma cikin talakawansa. Dattijon ya tafi ba don yana so ba, ya bar ƙaninsa a gidan birni a matsayin wakili. Duk wanda ke da magana da sarki, ko ƙara ce ko roƙo, wurin wannan wakili yake zuwa.

Gidan yana da wata al'ada da ban gani a wani gida ba. Kullum da safe ana shimfiɗa buzun sarki a inda ya saba zama cikin zaure, a ɗora sandarsa a kai. Wakili ba ya hawa buzun. Gefe yake zama a tabarma, ƙasa kaɗan. In ka shiga, buzun za ka fara faɗuwa ka gaisar, ka yi masa addu'ar tsawon rai, sannan ka juyo ga mai numfashi. In ka gama bayaninka, wakili sai ya karkata kai wajen buzun ya yi shiru, kamar mai sauraron raɗa, sannan ya ɗago ya faɗi abin da sarki ya ce. Kowa ya san ba kowa a wurin. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi dariya ba.

Na je ran nan bayan azahar, na ɗaure dokin a ƙofa, na shiga da rigar a naɗe. Na durƙusa gaban buzun.

"Ranka shi daɗe. Allah shi ja zamaninka. Allah shi ƙara maka lafiya."

Na faɗa da ƙarfi, don ina son a ji. Wakili mutum ne mai barkwanci, ya kuwa toshe hanci da bakin rawaninsa.

"Tun kana ƙofar gari munka ji warinka. Mi yak kawo ka, sarkin masu ɗoyi?"

"Ranka shi daɗe, ɗoyin nan shi ka ciyar da mu. Hilin bagaruwa na bakin gulbi nika roƙo. Ga doki ƙofa, ga riga, gaisuwa ta ga sarki."

"Dokin nan naka mai tari?"

"Ya bar tari tun kaka."

Fadawa biyu da ke wurin suka yi dariya. Wakili ya sa aka zagaya da dokin ya gani, ya shafa rigar. Sannan ya karkata kai wajen buzun. Ya daɗe a haka fiye da yadda ya saba, har na fara jin ƙudaje a bakin zaure. Da ya ɗago sai ya ce, "Sarki ya ba ka. Kai da ɗiyanka."

Na sake faɗuwa gaban buzun na yi godiya. Na fito a ƙasa, ba doki, ina jin kamar ni ke da birnin.

Bayan la'asar ɗan aike ya iso gidan a kan doki jiƙe da gumi. Sarki ya cika tun da hantsi. Ashe lokacin da nake roƙa masa ƙarin lafiya an riga an yi masa wanka, lokacin da wakili ya karkata kai yana sauraronsa kuwa, mai yiwuwa ana zuba masa ƙasa.

Na je ta'aziyya kamar kowa. An naɗe buzun an jingine a bango. Abin ya taɓa ni, amma ni ɗan kasuwa ne, don haka bayan kwana biyu na tambayi wani malami maƙwabcinmu ko kyautar tana nan. Ya ce wakilin da bai san wanda ya wakilta shi ya mutu ba, aikinsa ya zauna. Na kama wannan magana da hannu biyu. Na ɗauki majema, muka haƙa ramuka, muka tara toka, muka fara kaɗo 'ya'yan bagaruwa. Fatun farko suna cikin ruwa ke nan babban ɗan marigayin ya kai ƙara gaban alƙali.

Alƙalin tsoho ne mai sanyin murya. Ya sa ɗan sarki ya yi magana, ya sa na yi. Ni kuwa na zo da hujjar da nake taƙama da ita.

"Allah shi gafarta Malam, ai mun ji sarkin Nasara na bayan teku ya mutu. Baturen da ke nan wakilinai ne, ko wakilin wakilinai. Wa yag ga an fasa karɓar haraji ko da na yini guda? In mutuwa na kashe wakilci, a maido muna abin da munka biya."

Mutane suka yi dariya, har ɗan sarkin. Alƙali ya bari suka gama.

Ya ce wakilci iri biyu ne, ko da mutum ɗaya ke ɗauke da su a zaure ɗaya. Akwai abin da wakili ke yi saboda jama'a: ya raba faɗa, ya tsawata wa mai zalunci, ya ba baƙo wurin zama a ƙasar sarauta. Wannan ba ya mutuwa da mutuwar sarki, domin ba don jikin sarki aka yi shi ba, don mutane aka yi, mutanen kuwa suna nan. Akwai kuma abin da yake yi a cikin dukiyar sarki ta ƙashin kansa. Wannan da numfashin mai dukiya yake tafiya. Numfashi na fita, dukiya ta zama ta magada, ko labari ya iso ko yana hanya.

"Saboda haka tambaya guda ce," in ji shi. "Hilin ga na rawani ne, ko na mutum?"

Ba wanda zai amsa sai wakili. Aka kira shi. Na ga ya rame, rawanin ma kamar ya yi masa yawa. Da ya ce na sarauta ne, da magana ta ƙare, don ba wanda zai ƙaryata shi, kuma da ya tsira da mutuncin kalmarsa. Ɗan sarkin ya dube shi ya ce a hankali, "Baffa, faɗi abin da kas sani."

Wakili bai dubi kowa ba.

"Yayana ya sare wurin tun ba a naɗa shi ba. Ni nar riƙa mai tulu sa'ad da yad dasa itacen. Nashi ne."

Alƙali ya juyo gare ni. Ya ce malamin da na tambaya bai yi ƙarya ba, malamai sun kasu biyu a kan wakilin da bai sani ba. Amma cikin magadan nan akwai ƙananan marayu, shi kuwa ba zai ɗauki abin maraya ya bayar da bakin wanda ke kabari ba. Fili ya koma gado. A mayar mini da doki da riga. Fatun da ke cikin rami in jira su nuna in kwashe.

Ban yi gardama ba. Da ni ne a kan shimfiɗarsa, abin da zan yanke ke nan.

Sabon sarki ya naɗa nasa wakili. Tsohon wakilin ya koma zaman rumfar wani mai goro a bakin kasuwa, mutanen da ke faɗuwa gabansa suna wucewa da sallama daga tsaye. Wata rana ya kira ni da hannu. Na durƙusa, ya ce in tashi, ba buzu a nan.

"Ran nan da kaz zo," ya ce, "ka ga na daɗe ban ɗago ba?"

"Na gani, Baba."

"Kullum in na karkata, na san abin da zai ce. Tare munka tashi, muryatai na cikin kunnena. Ran nan na karkata ban ji komi ba. Na jira, ban ji ba. Sai na ga kana durƙushe, ga mutane, nac ce ya ba ka." Ya murza goron da ke hannunsa. "To wa yab ba ka?"

Bai sake tambayata ba har ya rasu.

Yanzu ga lissafin. Doki ya dawo, amma na kasa hawansa, na sayar wa wani falke da araha. Rigar tana cikin adaka, na ce a ba limamin da zai yi mini salla. Ramuka shida sun tafi, da aikin rani guda. Magada sun bar majema a wurin, ni ne ma babban mai sayen bagaruwarsu har yau, da kuɗina, daga itacen da aka taɓa cewa nawa ne da 'ya'yana. Na yi arziki ta wata hanya, ba na kuka. A kasuwa na koyi tambayar duk wanda ya ce an aiko shi, yaushe rabonsa da wanda ya aiko shi, kuma wannan tambaya ta tsare mini fiye da abin da na rasa. Abu ɗaya ne ban samu na mayar ba. Tun daga ran nan, duk sa'ad da na durƙusa gaban babba na buɗe baki zan ce ransa ya daɗe, sai na ɗaga ido tukuna na tabbata ƙirjinsa yana motsi.