Butar Sa'idu a bayan banki

Shekara tara ke nan da muka binne aminina Sa'idu, mai riƙon kes, wato mai karɓa da biyan kuɗi, a ƙaramin bankin Illela. Tare muka yi ƙuruciya a Badaguishiri. Shi aka kai lakwal karatun boko, ni na bi awaki.

Lokacin da aka buɗe reshen, ɗaki biyu ne kusa da kasuwa, kuma mutane sun ƙi zuwa. Direktan bankin ya ɗauka tsoron riba ne. Akwai wannan, amma akwai wani abin. Mu da ba mu iya sa hannu ba, dangwale muke yi, kuma tawadar tana kwana a yatsa. Ka fito ka ratsa kasuwa da shuɗin yatsa, ɓarawo ya gani, suruki ya gani, mai kiran sunanka da kirari ya gani. Wani makiyayi, Ardo Bello, ya sayar da bijimi ya kai ajiya sau ɗaya, bai koma ba. Ya ce gara ramin ɗakinsa, shi ba ya tona asiri.

Sa'idu bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya sayo buta da sabulu da lemun tsami, ya ajiye gindin dogon yaro a bayan buro, wato ofishin bankin. Kowa ya dangwala, sai ya ce masa a hankali: "Bi ta baya ka wanke hannu, Alhaji." Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kafin kaka biyu, har Ardo ya dawo da 'yan'uwansa.

Ni kuwa tsokanata yake yi. "Ɗan'uwa, lemun nan tsada gare shi. Ka tahi yaƙi da jahilci ka hutar da ni, gemu ba ya hana ilimi." Na ce sai bayan damina. Damina ta wuce sau da yawa, shi ma ya wuce.

Yau da zai dawo, ban san mi zai ce ba. Kuɗi sun koma cikin salula, yatsa ba ya shuɗi, amma dattijon da bai iya karatu ba sai ya miƙa wa ɗan shago lambarsa ta sirri. Ina jin da Sa'idu ya samo wa wannan ma buta. Reshen kansa ana cewa za a mayar da shi Konni.

Bara na shiga ajin manya. Watan jiya na je banki, yarinyar da ke kujerar Sa'idu ta turo mini tawada. Na ce: "'Yata, ba ni bik." Na rubuta sunana, a karkace, amma nawa ne.

Da na fito na bi ta baya. Butar ba waccan ba ce, amma har yanzu ana cika ta. Hannuna ba tawada. Na tsuguna na wanke shi duk da haka, na yi masa addu'a.