Tafin Takalma a Gindin Mangwaro

Mai gyaran takalmin da ke gindin mangwaron bakin titi bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗi. In ka kawo masa takalmi sai ya juya shi, ya leƙa ciki, ya dube ka kamar a ƙofar masallaci ka tsinto shi. Matarsa kan ce ko ita da suka tsufa tare, har yau bai gama bincikenta ba.

Yana da dalilinsa. A bakin kasuwa ya fara sana'a yana saurayi, wani mutum mai fara'a ya zo da tef ɗin awo, ba a jima ba aka tashe su aka gina shaguna. Ya koma jikin tasha, nan ma wani ya zo yana murmushi yana aune-aune, aka sake tashinsu. Tun daga nan ya tsani tef, ya tsani fara'a. Mangwaron nan ne ya rufa masa asiri, a ƙarƙashinsa gemunsa ya yi fari. Inuwar ce shagonsa, saiwar ce bencin masu jira, a reshe yake rataye aikin da ya gama. In aka raba shi da wurin, ba shi da sauran ƙarfin fara nema a wani waje.

To ka ji mutumin da wata mata ta sauko daga mota ta nufa, da tef a hannu da murmushi har kunne.

"Sannu da aiki, Baba," in ji ta, ta zagaya bishiyar tana aunawa.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Masu faɗaɗa titi ne ke son sare ta, ni kuwa so nake in hana."

"Da tef?"

Ta yi dariya, ta tsuguna ta yi masa bayani. Sana'arta ita ce haɗa abin kallo a fili da tarkacen da mutane suka yar. In bishiyar ta zama abin da ake zuwa gani, ba mai iya sa mata zarto. Abin da take roƙo kawai shi ne buhunan tsofaffin tafin takalman da ya tara a bayansa.

A gida ya kasa cin abinci. "Me mutumin kirki zai yi da takalmin da wani ya tattake?" ya tambayi matarsa. "Ko asiri ne, ko kuma 'yar leƙen asirin masu titin ce."

"Malam, kai dai ko jariri ya yi maka dariya sai ka ce an turo shi. Ka ba ta sharar ta kwashe maka, ka huta."

Ya ba ta buhunan, amma bai saki jiki ba. Duk sanda ta buɗe bayan mota sai ya miƙe wai zai miƙa ƙafa, ya leƙa ko akwai zarto. Da ta fara kafa tafin takalman a kan katakai tana binnewa daidai da ƙasa, ya ɗauki gudumarsa ya shiga aikin. Ba taimako ya kai shi ba, so yake idonsa ya kasance a kanta.

Ranar da aka gama ya ja da baya ya duba. Sawu ne ta kowace fuska, na yara, na mata, na ƙarti, duk sun fuskanci gindin bishiyar, kamar taron mutanen da ba a gani sun zo gaishe ta. Da yawa ya san masu su, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Mutane suka yi ta tururuwa da wayoyinsu suna ɗaukar hoto, har masu titin suka haƙura suka karkata aikinsu. Mai takalmi ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya ce wa matarsa, "Yarinyar nan 'yar halak ce." Matar ta saki ludayi ta ce ya maimaita, ba ta ji da kyau ba.

Wata safiya ya iso da akwatinsa a ka, ya tarar an zagaye wurin da shingen ƙarfe, ga maigadi da kaki a ƙofa.

"Baba, yi haƙuri, an hana sana'a a ciki. Wai kada a tattake aikin."

"Takalmi ne fa! Don a taka aka yi shi!"

"Ni dai abin da aka ce min ke nan."

Matar nan mai tef ta yi ta zirga-zirga a ofisoshi, ta dawo ido jajir. "Wallahi Baba ban san haka za ta kasance ba." Bai zage ta ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san gaskiya take faɗa.

Yanzu a tsallaken titi yake zama, jikin katangar wani kanti, da kwali a ka yana kare rana. Bishiyar tana nan lafiya, ta ma ƙara ganye. Rannan ya hango wata tsohuwa da ya daɗe yana ɗinke wa silifa ta tsaya a bakin shingen da leda a hannu. Ta dubi sawun nan da ba masu su, ta dafe ƙirji, ta ɗaga hannuwa tana addu'a ta shafa a fuska. Ya gane sarai wa take nema wa rahama.

Ya miƙe tsaye. "Iya! Ga ni nan, ban mutu ba!"

Wata babbar mota ta gifta tsakaninsu da ƙara. Kafin ta wuce, tsohuwar ta juya da ledarta ta kama hanyar gida.