Dutsen da yake shan ruwa

Me maigidana ya gani a jikin wannan kango da bai gani ba a dogayen benayen da ya yi rayuwarsa yana ginawa a Riyad? Har yau ban sani ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini, in na yi shiru kuka ne.

Maigidana magini ne, mutumin Damagaram. A unguwar Ulaisha ta Riyad muke zaune, ina sayar wa 'yan ƙasarmu tuwo. Wata shekara kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya tura shi bakin Bahar Maliya gyaran wani tsohon sansani. Da ya dawo, ba shi da hira sai ta wurin.

Ya ce tun zamanin da alhazai ke tafiya a kan raƙuma aka gina shi. Kusurwa huɗu, kowace da hasumiya, ƙofa ɗaya tak, rijiya a tsakar gida. Ba dukiya sojojin ciki ke gadi ba, ruwan alhazai suke gadi. Dutsen ginin kuma daga cikin teku aka sassaƙo shi. Ba a haɗa shi da siminti, sai farar ƙasa, don siminti toshe masa numfashi yake yi.

Na ce, "Malam, dutse ne ke numfashi?"

Ya ciro wani guntu daga aljihu, ragowar wanda suka sassaƙa, fari, duk huji. Na karɓa na juya shi.

"Wannan ai na goge kaushi ne."

"Hajiya, ƙafarki ta fi ƙarfinsa," in ji shi. Ya tsoma shi a kwanon ruwa, sai ga kumfa na tasowa, ɗakin ya ɗauki ƙarnin gishiri.

Ya yi alkawarin kai ni, ni da ban taɓa tsayawa gaban teku ba sai hange ta tagar jirgi. Amma iƙamata, takardar zaman ƙasa, ta ƙare, hanyar kuwa duk shingen bincike ce. Muka yi ta jiran sabuntawa. Kullum na dawo daga kasuwar Aziziya da kayan miya, sai ya tare ni da "Ta fito?"

Ta fito bayan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na kai masa ita har shimfiɗa, na ce ya tashi mu tafi, na riga na ɗaure kaya. Ya dube ni, ya dubi tagar da dutsen yake ajiye. Na gane. Na ɗebo ruwa na jiƙa shi, na kawo kusa da hancinsa. Ya shaƙa, sannan ya tura hannuna a hankali zuwa fuskata.

"Shaƙi naki, Hajiya. Iyakar inda zan iya kai ki ke nan."